Langar da ke Ƙarƙashin Gadona

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Mu shida ne a tsakar gidana a Birnin Kudu. Akwai Malam Isa, ƙanin marigayi maigidana, zaune a kan buzu. Akwai autana Habibu, wanda ya ajiye motar hayarsa ya bar lodin Gwaram saboda kirana. Ga amaryarsa Sa'ade tsugune a bakin ɗakinta, kai a sunkuye. Ga gwaggonta Hajiya Talatu, da ta taso tun daga Zandam da sassafe. Sai ƙanwata Kande, wadda bakinta ba shi da linzami tun muna yara. Ta shidan ni ce, mai ƙara.

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu an san idona. Yarinya ba ta wuce ƙofata da ɗankwali a karkace. To, Sa'ade ta tare, bayan kwana bakwai danginta suka kawo gara, ta fara girki. A makon nan ne ƙwannafi ya sa ni gaba. Da na ci abincin rana na yi Azahar na kishingiɗa, sai in ji kamar an zuba mini garwashi a bakin ciki, ya biyo ƙirji har maƙogwaro, ga ruwa mai tsami yana tasowa. Yau ya zo, gobe ya zo. Rabona da shi tun ina ɗauke da cikin Habibu. Sai na ce a raina, sabuwar cuta, sabuwar mai girki, ai magana ta fito.

Na ɗauki kujerata na dasa a bakin madafa. Sati uku ina kallon hannun yarinyar nan, daga jajjage har kwashe tuwo. Ban ga komai ba. (Rashin ganin ne ma ya tabbatar mini cewa gwana ce. Ku ji irin wayon nawa.) Daga nan na faɗa wa maƙwabta biyu, na kuma faɗa wa Habibu cewa ana yi mini barbaɗe a abinci, ko ta koma gidansu ko ni in koma Sundimina wurin dangina. Magana ta kai Zandam, shi ne gwaggonta ta zo.

Bayan gaisuwa Hajiya Talatu ta gyara zama. Ta daɗe tana aiki a wani ƙaramin asibiti kafin ta huta, shi ya sa tambayarta ba ta da kwana.

Ta ce, "Hajiya, tukunyarku ɗaya da Habibu?"

Na ce ɗaya.

"Habibu, kai kana jin ƙwannafin?"

Ya ce, "A'a, Gwaggo, ni ƙiba ma nake yi." Na harare shi.

"To Hajiya, bayan abincin gida, kina taɓa kayan maiƙo? Cincin, dubulan, alkaki?"

A nan sai in tsaya in faɗi gaskiya. Ranar da aka kawo gara, ni na raba wa dangi da maƙwabta kamar yadda aka saba, kuma uwar ango takan yi kara. Ni nawa karan ya wuce na kowa. A gaban mata fiye da ashirin na ce, "Ni me zan yi da kayan yara? Haƙoran ma ina suke?" Aka yi ta yaba mini. Da suka watse, na tura langa guda cike da dubulan ƙarƙashin gadona. Kullum bayan abincin rana sai in sa sakata, in jiƙa uku ko huɗu a baki, in bi da goro, in miƙe a gado. Ga kuma wata ƙwaya ta ciwon gwiwa da na sa aka sayo mini wurin mai talla a kasuwar Gwaram, ina haɗiya tun ban karya ba, ni da nake cika baki ban san maganin bature ba.

Amma abin da na ce wa Hajiya Talatu shi ne, "Ni? Allah ya sawwaƙe."

"Goro fa?"

"Ɗan ɓari, sai an matsa mini."

"Ƙwayar ciwon jiki?"

"Ki tambayi kowa a gidan nan."

Ban rufe baki ba abin ya taso. (Da ma kafin su iso na ci biyar, don in sami ƙarfin magana.) Wata gyatsa ta ƙwace mini a gaban surukai, irin wadda ko a ɗaka ka yi sai ka waiga. Ƙirjina ya kama da wuta, hawaye ya cika mini ido. Na ce, "Kun gani ko? Kun gani da idonku! Kande, yi sauri, kanwa, tana cikin langa a ƙarƙashin gado."

Langa biyu ce a ƙarƙashin gadon. Sai da Kande ta shige ɗaki na tuna.

Ta fito da babbar, ta dire a tsakiyar tabarma, ta ɗaga murfi. Sauran dubulan a ƙasa, mai ya kwanta a gefe, ga ƙullin goro, ga ƙullin yaji, ga takardun ƙwaya duk an ɓare.

Kande ta ce, "Yaya, wannan kanwar taki da man gyaɗa aka soya ta?"

Malam Isa ya duƙufa a kan carbinsa kamar ranar ya fara ganinsa. Habibu ya ce "Inna," ya kawar da kai. Hajiya Talatu ta juya langar, ta ga ɗigon jan fenti a gindinta, shaidar gidansu. Ta ce, "Dubulan ɗin nan da hannuna na murza shi."

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Cikinsu duka Sa'ade ce kaɗai ta motsa. Ta tashi ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta miƙo. Wannan ruwan ya fi gyatsar ƙona ni.

Hajiya Talatu ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce maiƙo da yaji da goro duk suna tayar da ƙwannafi, balle a ci a kwanta nan take. Ta ce ƙwayar nan a cikin da babu abinci tana cin ciki, in daina. In riƙa ci kaɗan-kaɗan, in jima a zaune bayan na ci, in ƙara tudun matashi, in kuma rage kanwa, ba ta da kyau ga mai hawan jini. In bai lafa ba, ko haɗiya ta fara yi mini wuya, in je a duba ni. Sannan ta miƙe ta yafa mayafi.

Ta ce, "Zan kwana a gidan 'yar'uwata a nan cikin gari. Da safe zan zo in tafi da 'yarmu. Ba ma barin yarinya inda aka kira ta mai barbaɗe, sai in bakin da ya faɗa shi ya janye."

Kande tana tattara tabarma tana cewa laifi tudu ne. Na shige ɗaki, na gaji. Shekara da shekaru ina gadin tukunyar kowa, ashe ƙarƙashin gadona ne ke neman mai gadi.

Washegari da hantsi Hajiya Talatu ta iso. Na ɗauki langar, na taka har ƙofar Sa'ade, na yi sallama, abin da ban taɓa yi ba a cikin gidana. Na ce, "Ga kayanki. Ni na yi wa kaina barbaɗe. Ki yafe ni, 'yata." Ta ce, "Haba Inna," ta fashe da kuka. Na sa mayafi na shiga gidajen nan biyu na kwashe maganata da bakina. Kafin in dawo gwaggon ta tafi tasha ita kaɗai, Sa'ade kuma ta dama mini kunu ba yaji. Na sha a zaune. Da na gama, na ciro kujerata daga bakin madafa na mayar da ita gindin darbejiya, inda ko na miƙa wuya ba na hango tukunya.