Kafintan da Ba Kafinta Ba

Lokacin da nake kula da kayan wata ƙaramar elemantare a Kwarbai, ba wanda ya kai ni ji da kai. Ko alli guda malami ba ya samu sai ya gaishe ni sau biyu.

Wata Talata ina jiran kafinta daga Kusfa ya gyara mana wasu bencina, sai ga wani dattijo a kan tsohon keke. Ko sallamarsa ban amsa ba.

Na ce, "Sai yanzu? Ku dai ba ku san alkawari ba. Ungo guduma."

Ya dube ni, ya karɓa, ya tsuguna. Na tsaya a kansa ina koya masa riƙon ƙusa, ni da ban taɓa buga ko ɗaya ba. Har na ƙara da cewa, "Yi sama-sama kawai, don mai duba makarantu da zai zo ne ake gyaran. An ce tsoho ne, ba ya gani sosai."

Ya ce, "To, Malam."

Yana kan benci na uku hedimasta ya fito, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, yaushe ka iso dubawar?"

Dattijon ya miƙo mini guduma. "Tsohon ya gani, Malam. Saura huɗu, bismilla."

A gaban malamai na buga, rabi a ƙusa, rabi a yatsana.

Har na bar aiki a makarantar, duk baƙon da ya shigo, ko mai tallan goro ne, sai wani malami ya nuna ni ya ɗaga murya: "A ɓoye guduma, ga Malam nan tafe!"