Rasuwar Goggo Sannu-Sannu, Wadda Ta Bar Kwale-kwale a Tsakiyar Kogi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da ya rasa abin dannawa, nake sanar da 'yan'uwa, da abokan aiki a shagon wanki da guga, da dukan 'yan zaurenmu na wasan labari, rasuwar wayata, wadda aka fi sani da Goggo Sannu-Sannu. Ta cika ne a bakin aiki, bayan ta zame daga aljihuna ta faɗa bokitin sitaci.

Marigayiya ta daɗe tana fama da kumburin batir, har bayanta ya ɗage. An garzaya da ita wurin mai gyara. Ya buɗe, ya busa, ya shinshina, sannan ya miƙo mini ita yana kallon gefe. Na karɓi gawa na dawo shago.

Ga waɗanda ba su san zauren ba, wuri ne a yanar gizo inda kowa ke ƙirƙirar mutum guda yana rubuta maganarsa, a haɗu a gina labari. Na fara shiga da wani jarumi kyakkyawa, mai yare bakwai, wanda ba a taɓa kayar da shi ba. Babu wanda ya kula shi. Gwano ba ya jin warin jikinsa, na ɗauka hassada ce. Da na gaji, sai na yi wani tsoho mai kwale-kwale, mai ciwon gwiwa, wanda ke haye da mutane kogi.

Nan ne halin marigayiya ya bayyana. Ni mace ce da ko maigidana na shago ya ce bakina ya fi dutsen guga zafi. Ita kuwa Goggo, in ka danna harafi sai ta yi tunani kafin ta nuna shi. In rubutu ya wuce layi biyu sai ta ɗau zafi, ta yi “ɗiiit”, ta ɗauke. Dole tsohon ya koyi gajeruwar magana. A tambaye shi, ya yi shiru har mai tambaya ya fara kunya, sannan ya jefo kalma uku. Wani lokaci a tsakiyar hira ya ɓace, don caji ya ƙare. 'Yan zaure suka ce ba su taɓa ganin dattijo mai zurfin ciki irinsa ba. Wasu suna shiga kwale-kwalensa ba don su haye ba, sai don su faɗi damuwarsu ya saurara. Ni kuwa a lokacin ina tsaye kan tulin zannuwa ina zagin waya.

Ta rasu ta bar caja mai naɗin salatif, da abin sa wa kunne mai ji gefe guda, da rigar waya fasasshiya. Ta kuma bar maraya, wato tsohon nan.

Ajali ya riske ta a mugun wuri. Akwai wata mai sayar da fitilu a labarin, wadda ta daɗe tana neman yayanta. Ta shiga kwale-kwalen, suka kai tsakiyar ruwa, ta tambayi tsohon ko ya taɓa haye da shi. Zaure duka yana jiran amsa. Ina cikin lalubo wayar da jiƙaƙƙen hannu, na ji “ƙulum”.

Na ari wayar ƙanwata, mai gudu kamar an koro ta. Kafin in ankara tsohon ya zuba sakin layi huɗu, ya ba da tarihin kakansa, ya yi wa yarinya nasiha, har da fuskar dariya a ƙarshe. Shugabar zaure ta goge saƙon, ta sanar cewa an yi wa dattijo kutse, kowa ya jira mai shi ya dawo. Na rantse ni ce, aka cire ni na wuni guda.

Na gwada ajiye wayar a wani ɗaki in dawo. Na gwada rubutu da hannun hagu. Na sa ƙanwata ta riƙe mini yatsu. Hali zanen dutse, da na samu sarari sai surutu ya ɓalle. Wallahi ban san yadda ake yin shirun nan ba, kuma yana ci mini rai. Mai fitilu tana zaune a kwale-kwale har yanzu, kullum sai ta rubuta cewa ta gyara zama.

Za a yi jana'iza gobe bayan an tashi daga shago. Za a naɗe marigayiya a tsohuwar safa, a kwantar da ita a aljihun tebur na ƙasa, kusa da maɓallan da masu kaya ba su zo nema ba. Wanda ke da waya mai nawa, mai zafi, mai mutuwa ba sallama, don Allah ya taho da ita. Masu zuwa gaisuwa su yi haƙuri da ni, zan cika su da magana. Mai sa ni shiru ita ce a cikin safar.