Sukarin Surukan Yogya

"Lafiya lau na kwana, Mbah, in ban da munsharinka da ya hana kajin unguwa barci."

"Sannu da fitowa, kayan da aka rasa mai saye. Zo ki ga aikin gishirinki."

Wening ta ƙarasa tsakar gidan baya, rabin gashinta a naɗe, rabi a sake. Ranar ce dangin saurayinta Danu za su iso daga garin Yogya neman aurenta, mota uku, bayan azahar. A unguwarsu ta Gresik kuwa da abu ɗaya aka san gidan: es puter ɗin kakanta Mbah Kasiran, askirim na madarar kwakwa da ake murzawa da hannu a dogon gwangwanin ƙarfe, an kewaye shi da ƙanƙara da gishiri cikin bahon katako. Danu ya cika wa uwarsa kunne da labarinsa har ta ce shi za ta fara ci kafin a buɗe maganar aure. Ga shi tsohon yana murzawa tun hantsi, singiletinsa ya jiƙe sharkaf. Wening ta ɗaga murfin ta leƙa. Ruwa tsululu.

"Mbah, wannan ai ko kyanwa ba za ta ce da shi askirim ba."

"Gishirin da kika sayo ne, Nduk, jikanyata. Ba shi da jini a jika, kamar mai shi."

"Kilo huɗu na sayo, mai tsakuwa, a gabana aka auna. Ko dai hannun ne ya tsufa?"

"Wannan hannun? Da shi na daskarar da es puter a tsakiyar rana ranar auren uwarki, har limami ya karya cokali."

"Bara ka ce cokali biyu ya karya."

"Ɗayan na ladan ne."

Ta tsoma yatsa ta lasa. Sai da ta runtse ido, zaƙin ya hau mata har ƙeya.

"Mbah. Sukari kofi nawa ka zuba?"

"Yadda na saba."

"Huɗu ka saba. Tun ina goye nake ƙirgawa."

Tsohon ya ci gaba da murzawa, yana kallon bishiyar mangwaro kamar yau ya fara ganinta.

"Mbah!"

"Tara."

"Tara! Askirim za ka ba su ko asibiti za ka kai su?"

"Ke me kika sani? Mutanen Yogya ne fa! Mutanen da ke zuba sukari a miya, su zuba a kaza, su zuba a ƙwai. Na ji an ce ko ruwan alwala sai sun ɗanɗana sun ji ko ya ji. In ba su irin namu su koma gida su ce surukansu marowata ne? Don ke na yi, marar godiya, ko a samu a rabu da ke."

Dariya ta ƙwace wa Wening, hankalinta kuma ya fara dawowa jikinta. Malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, kuma ciwon da aka gano sunansa ba ya ba ta tsoro. Ta ɗaure zaninta sosai ta tsuguna a gefen bahon.

"Tsoho, me ya sa kake zuba gishiri a kan ƙanƙara?"

"Don ubana ya zuba."

"Don gishirin yana shiga tsakanin ruwan ya hana shi daskarewa. Ƙanƙarar sai ta narke dole, tana narkewa tana zuƙe zafin abin da ke kusa da ita, ruwan bahon ya fi ƙanƙara sanyi. To abin da gishiri ke yi a waje, shi sukarinka ke yi a ciki. Yawan abin da ka narkar a ruwa, yawan sanyin da zai nema kafin ya daskare. Kai ka ɗaure shi, kuma kake zaginsa bai yi gudu ba."

"Iko sai Allah. Na biya kuɗin makaranta don a zo a gaya mini sukari ɗan'uwan gishiri ne. To gobe ki zuba wa mijinki gishiri a shayi."

"In ya gaji halinka zan zuba. Tashi, ɗauko ɗayan gwangwanin."

Ta shiga kicin da gudu. Uwarta ta riga ta matse madarar kwakwa cike da roba don miyar kaza, ta fita karɓo faranti a maƙwabta. Wening ta sunkuci robar ta fito.

"Ɓarauniya! Ranar neman aurenki!"

"In ta tambaya kai ka aike ni. Ai kai ba za ta iya dukanka ba."

"Ba ki san uwarki ba."

Ta raba kwaɓin gida biyu daidai, ta cika kowanne da sabuwar madara, ta ƙara ɗan gishiri kaɗan a ciki don ɗanɗano. Tara a raba biyu, huɗu da rabi ke nan kowanne. Ta tsiyaye ruwan bahon, ta farfasa sabuwar ƙanƙara, tana jerawa tana ƙirgawa a fili: kwano uku na ƙanƙara, kwano ɗaya na gishiri, uku, ɗaya, har zuwa wuyan gwangwanayen. Kowa ya kama nasa.

"Haka ake murzawa? Kamar mai shafa kan jariri?"

"Ka ji da naka, kada haƙorin nan guda ya faɗa ciki."

"Wannan haƙorin ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce."

"Kuma duk bai tauna wa kowa komai ba."

Hannunta ya fara sagewa, tafin ya yi ja don sanyi. Ladan ya kira azahar. Ta buɗe murfi, ta kai ludayin katako jikin ƙarfen, sai ta ji wani ɗan ƙara, ƙurrr. Farin ɓawo ya kama bangon gwangwanin. Ta kankare shi zuwa tsakiya, wani ya sake kamawa.

"Mbah, ya kama!"

"Nawa ya riga naki. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Ta zauna daɓas a ƙasa ta sauke numfashi, ta ma manta da gashin da ba a gama naɗewa ba. Daga nan aikin bai ƙara yi musu gardama ba: murza, kankare, murza, har ludayin ya tsaya cak a tsakiya da kansa. Maimakon gwangwani ɗaya ga biyu, ya ishi mota uku har da yaran maƙwabta da suka fara leƙe ta katanga. Can cikin kicin muryar uwarta ta tashi tana tambayar wanda ya ga robar madara. Kaka da jika suka dubi juna, kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Mbah Kasiran ya yago burodi, ya ɗebo cikin ludayi daga nasa gwangwanin, ya dunƙula a tsakiya ya miƙa mata.

"Ungo. Ban taɓa ba kowa na fari ba sai kakarki. Na yarda, boko ya yi rana yau. Amma in surukarki ta yaba, ni na yi."

Ta gatsa. Laushi, sanyi, ƙanshin kwakwa, zaƙi daidai.

"In kuma ta ce bai ji sukari ba fa?"

"To ke kika yi," in ji tsohon, yana dariya har da tari. "Tashi ki gyara kan nan, kada su ɗauka ni ce amaryar."