Tabarmin da Nomau Ya Shimfiɗa Ranar Zaɓe

A garin Kukoki, tun kafin zuwan Turawa, an yi wani mutum wai shi Nomau. Gida ɗaya suke da yayansa Barmo, maƙeri, mahaifinsu kuwa ya daɗe da rasuwa. Shi Nomau, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Garin yana da wata al'ada mai ban sha'awa, irin wadda a yau za mu kira zaɓen rabin zango. Idan wa'adin dattawan majalisa ya raba tsakiya, sai a sake zaɓen rabinsu, kowane magidanci ya jefa tsakuwa a tukunyar ɓangarensa. Ɓangarorin biyu ne, marina da maƙera. Marina ne ke da rinjaye, kuma shugabansu Jatau ya rantse in suka sake ci, sai an fitar da maƙera bayan ganuwa.

Wata rana Barmo ya ce wa Nomau ya bi Jatau, ya ga duk inda yake sa ƙafa. Nomau ya bi shi wuni guda, idonsa a ƙasa, yana taka sawunsa ɗaya bayan ɗaya. Jatau ya koma gida da zazzaɓi, aka fara raɗe-raɗin an ɗebi sawunsa.

Wata rana kuma Barmo ya aike shi ya gayyaci duk wani maƙerin garin zuwa zaɓe, kada ya tsallake kowa. Da ya gama da gidaje, sai ya wuce maƙabarta da tsakar rana, yana durƙusawa kabari bayan kabari yana isar da saƙo. Barmo ya ji labari, ya kira shi ya tambaye shi.

"To, sun amsa maka?"

"Ba wanda ya ce a'a, Yaya."

Ranar zaɓe, Barmo ya ce ya shimfiɗa wa waɗanda ya gayyato tabarmi. Nomau ya kwaso na unguwa kaf. Rayayyu suka zauna, sauran tabarmin suka jeru ba kowa a kai, daidai hanyar da marina za su bi zuwa tukunyarsu. Nomau ya riƙa bin su yana gaisuwa, yana kiran kowane mamaci da sunansa. Ko kaza ba ta taka su ba.

Wani tsohon marini ya zo wucewa, ya ji an ambaci kakansa na wajen uwa. Ya tsaya cak, ya daɗe yana kallon tabarmar, sannan ya tuɓe takalmi ya juya ya jefa tsakuwarsa a tukunyar maƙera. Ashe da wuya ka sami marinin da ba shi da nasa a jerin nan. Haka suka riƙa juyawa, kai a sunkuye, har rinjaye ya koma hannun maƙera.

Da la'asar Barmo ya hau naɗe tabarmi. Ya kai hannu kan ta ƙarshe, Nomau ya riƙe shi.

"Bari tukuna, Yaya. Baba bai tashi ba."

Barmo ya janye hannunsa a hankali.