Ranar da Na Sa Farin Tob don Jan Tirela

Ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Asabar ba, ƙarfe bakwai da kwata daidai, a filin ajiye manyan motoci da ke unguwar Ranuna a Madina. Mu huɗu ne a wurin: ni, da Ammi Sale mai motocin, da Adamu ɗan Sudan babban direbansa, sai Garba, abokina mai aiki a wani shagon hoto a unguwar Sultana. Ku riƙe sunan Garba, domin ni na gayyato shi da bakina.

A lokacin ƙaramar motar kaya nake ja wa Ammi Sale. Shi haifaffen Madina ne, kakanninsa suka zo aikin Hajji suka zauna, Hausarsa rabi Larabci ce. Adamu zai koma gida, kujerar tirela za ta zama babu kowa, ni kuwa na riga na samu lasisin babbar mota. Ammi ya ce, "Ka haɗa ta a gabana, ka fita da ita lafiya, khalas, shi ke nan, hanyar Badar taka ce." Ma'ana ƙarin albashi, da damar ɗauko iyalina daga gida.

Ni mutum ne mai son tsari. Ko shayi zan haɗa, akwai abin da ke fara shiga kofi. Don haka da Adamu ya koya mini haɗa kan mota da tirela, na haddace kamar karatu. Da farko ka daidaita tsayin tirela da farantin da ke bayan kan motar, wanda a nan ake kira siniya. Sannan ka yi baya a hankali har turken ƙarfen da ke ƙarƙashin tirela ya shiga bakin farantin, ka ji ƙas. Sannan ka sauko, ka durƙusa, ka shiga ƙarƙashi ka gani da idonka cewa bakin ya kama turken. Sai ka haɗa tiyon iska, ka ɗan fizga gaba don gwaji, daga ƙarshe ka ɗage ƙafafun tirela. (Har gyara wa Adamu jerin na taɓa yi, shi da ya koya mini.)

Matsalar ita ce na yi wa mahaifiyata alkawarin hoto. Wani maƙwabcinmu zai tafi gida a makon, kuma na ƙudura zai kai mata hotona a kan sitiyarin tirela, ba cikin kayan aiki masu datti ba. Na sa sabon farin tob, doguwar rigar Larabawa, da aka goge har yana tsayawa da kansa, na yafa jan shimag, ƙyallen da suke rufe kai da shi, na shafa turare.

Adamu ya dube ni sama da ƙasa. "Ya zol, bawan Allah, ɗaurin aure za ka ko Badar?"

"Direba mai tsari ba ya ɓata riga," na ce masa. Da ƙarfi na faɗa, don Ammi ya ji.

Tirelar buɗaɗɗiya ce, an cika ta da kankana, habhab a bakin mutanen nan, wadda za a fara saukewa a kasuwa kafin a wuce. Na hau, na yi baya tiryan-tiryan, na ji wata ƙara mai kama da ƙas. Na sauko ina taku ɗai-ɗai. Na haɗa tiyon iska ina riƙe shi da takardar goge hannu, ina miƙa hannu daga nesa kamar mai ba kare abinci.

Sai aka zo wajen shiga ƙarƙashi. Duk wanda ya san siniya ya san baƙin giris ne ke kwance a kanta, yana ɗiga ta ko'ina. Na dubi giris, na dubi tob. Na ɗan sunkuya daga gefe, na ga duhu kawai, na gyaɗa kai irin na wanda ya ga abin da yake nema.

"Ka duba?" in ji Adamu.

"Na duba."

"Daga nan inda kake?"

"Idona lafiya lau ne, Adamu."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan shayinsa. Ammi Sale yana dai jan casbaha.

Na koma ciki don gwajin fizga. Ina fara taɓa totur Garba ya ɗaga hannu. "Tsaya haka! Hasken ya yi kyau, kada ka motsa!" Na tsaya, na jingina gwiwar hannu a taga, na ɗaure fuska irin ta manyan direbobi. Ya ɗauka. A raina na lissafa wannan ɗan motsin a matsayin gwaji. Na sauko na juya hannun da ke ɗage ƙafafun (da takardar goge hannu, ba shakka), na sake hawa.

Abin da ban sani ba shi ne tirelar ta ɗan fi farantin tsayi. Turken bai shiga baki ba, a kansa ya hau ya zauna. Ƙarar da na ji, ƙarfe ne kawai ya gaisa da ƙarfe.

"Bismillah," na ce. Na saki birki, na sa giya, na ɗaga wa Garba hannu don hoto na biyu.

Kan mota ya tafi. Tirela ta ɗan biyo ni kamar mai rakiyar baƙo zuwa ƙofa, sannan ta zame ta kifa da goshi a ƙasa. Ƙarar ta tashi tattabarun unguwar gaba ɗaya. Tiyon iska ya tsinke yana huci. Kankana ta taho gaba kamar an buɗe mata ƙofa, wasu suka fashe a bayan kan motar, wasu suka gangara har bakin titi. Ni kuwa hannuna yana sama, ina murmushi, domin Garba ya riga ya danna.

Na sauko. Ammi Sale ya tako a hankali, ya tsallake wata fasasshiya, ya dubi tob ɗina fari fat.

"Masha Allah," ya ce. "Ya waladi, ɗana, mota ta faɗi, habhab ya mutu, amma riga tana lafiya. Alhamdu lillah ala salamat riga."

Adamu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Kafin azahar na shiga ƙarƙashin tirelar nan ya fi a ƙirga, ina jera jak da katako, cikin tob ɗin nan dai, domin Ammi ya hana ni canzawa. Giris a baya, ruwan kankana a gaba. Kujerar Badar kuwa wani aka ba a wannan shekarar, iyalina suka ƙara zaman jira. Sai da na yi wata da watanni ina haɗawa ina kwancewa a fili kafin Ammi ya sake miƙo mini makulli.

Hoton farko ya isa hannun mahaifiyata, har yau tana nuna wa baƙi. Na biyun Ammi ya karɓa ya rataye a ofis, kuma duk sabon direba sai an nuna masa kafin a nuna masa mota. Sunana a filin nan ya zama Abu Habhab. Na gane cewa jerin da na haddace bai da amfani idan na tsallake wurin da ke ɓata riga, domin wurin nan ne ke riƙe da tirelar.

Saboda haka ina roƙonka, mai karatu, ranar da za ka fara jan tirela ka sa rigar da ka riga ka yafe, ka durƙusa, ka shiga ƙarƙashi ka ga turken da idonka. Mai hoto kuma ka ce masa ya zo gobe.