Kalmar da Ta Hana Kakana Ɗinki

"Lafiya lau, amarya, sai dai ki fara neman wani mijin," in ji kakana, ko ɗago kai bai yi ba.

Tela ne, amma ranar na tarar da kekensa a lulluɓe, shi kuma ya zabga tagumi a kan benci. Kwana uku ke nan da ya je wurin likitan haƙori. Ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini, tunda ina karatun jinya, ya nuna kalma ɗaya da aka ja wa layi: edentulous. Ya ce ya kai wa mai aski da mai gyaran agogo, duk sun girgiza kai, sun ce suna mai tsawo haka ba ya barin mutum da rai.

Na gyara fuska na ce, "Kai, Tsoho, wannan ba ta da magani. Daga Latin ta fito, harshen Romawan da."

"Romawa? Ni da ko tashar mota ban cika zuwa ba, ina na haɗu da su?"

"Su suka gano ka. A wurinsu e na nufin abu ya fita, dens kuma haƙori. Wato bakinka fili ne fetal, ko yara za su buga ƙwallo a ciki."

Ya zagaya da harshe cikin bakinsa kamar mai neman allura a aljihun tebur.

"Shi ke nan? Abin da madubi ke gaya mini kyauta kullum?"

Na ce shi ke nan, likita haƙoran roba kawai yake so a auna masa. Nan take ya miƙe ya yaye ƙyallen keken, bakinsa ya dawo. Ya rantse da can yana da haƙori talatin da biyu, duk a cin girkina suka zube, wai naman da nake dafawa da shi ake yin tayar mota. Na ce ai shekara biyu ban dafa masa komai ba sai ruwan zafi. Ya ce to ruwan ma tauri gare shi.

"Kuma ke ma da aka haife ki haka kike, edan-tulu ce ke, ba wanda ya rubuta miki takarda."

"Ni nawa sun fito, Tsoho. Naka fa?"

Ya buɗe baki zai rama, sai dariya ta ƙwace masa, dasashi a waje, har da hawaye. Da ya lafa, ya jawo wani yadi shuɗi daga saman kanta ya cilla mini a cinya.

"Kin ci. Ɗauki, zan ɗinka miki. Amma ki raka ni awon haƙoran, kuma ki biya wurin mai aski ki karɓo mini almakashina. Jiya na bar masa shi gado, a zatona mutuwa zan yi."