Ranar da Baban Ganye Ya Shuka Bishiya

Duniya ta yi sa'a da aka haifi mawaƙin nan da masoyansa ke kira Baban Ganye. Da can waƙoƙin soyayya yake yi, har ranar da ya lura cewa mawaƙan da ke yi wa muhalli kuka su ake gayyata ƙasashen waje. A take tausayin duniya ya kama shi. Ya koma kore tun daga hula har takalmi, ya sa aka sake wa motarsa fenti kore.

Ranar shuka, ya dira wata makarantar firamare da jerin gwanon motoci da ƙaton janareta mai aman hayaƙi, domin a ji gargaɗinsa kan gurɓatar iska da kyau.

"Jama'a," ya ce, hannu a ƙirji, "ni da bishiya uwa ɗaya uba ɗaya muke. In an sare ta, ni ke zub da jini!"

Tafi ya kaure. Shugabar makarantar, baiwar Allah, har da share ƙwalla, sannan ta tafi jero yara.

Ya sa safar hannu don kada ƙasa ta ɓata masa zobba, ya durƙusa da ɗan dashensa. Sai mai kyamara ya yi tsaki: inuwar tsohuwar bishiyar tsakar makarantar ta duhunta fuskar maigida. Wannan fuskar? Wadda duniya ke jira? Baban Ganye ya ba da umarni a kira masu gatari su ɗan rage reshe ɗaya. Aka rage, hancinsa ya fito. Aka ƙara, kunnensa ya fito. Masu gatari suka ji daɗin aiki, makaɗa suka ba su kiɗa, shi kuma yana duba kansa a waya yana cewa, "Saura kaɗan!" Kafin shugabar ta dawo, fuskarsa na walƙiya, bishiya ta zama kututture.

Ta ɗora hannu a ka. "Ranka ya daɗe, a ƙarƙashinta 'yan aji huɗu ke karatu! Ajinsu ba rufi!"

"Hajiya, kwantar da hankalinki," ya ce, yana nuna dashen da bai kai tsawon cokali ba. "Ga sabuwa fil na kawo muku."

Aka shuka, aka tumɓuke, aka sake shukawa, har sai da hawayensa ya zubo ta gefen da kyamara take. Yara suka yi amshin waƙarsa cikin rana, gumi na ɗiga. Ya cika shugabar makarantar da daɗin baki, ya shige mota mai sanyi.

Sai direbansa ya dawo da gudu, ya tsuguna, ya cire dashen ya mayar cikin leda.

"Yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "Gobe muna da wata makarantar."